Majanyin Gwaggo

Ƙanshi ne ya fara tarye ni tun kafin in ga abin. Watan jiya, bayan rasuwar Gwaggo, muna kwashe kayanta daga ɗakinta na hawa na bakwai a Bron, a gefen birnin Lyon, domin masu gida sun ba mu mako uku mu mayar da makulli. Na jawo tsohon akwatin da ke ƙarƙashin gadonta na buɗe, sai ƙanshin man kaɗe da turaren wuta ya cika mini hanci. A can ƙasa, ƙarƙashin turamen atamfar da ba ta taɓa ɗinkawa ba, na tarar da majanyi. Farin saƙi ne mai baƙin ratsi, irin wanda mata ke ɗaure goyo da shi, bakunansa biyu sun kanannaɗe inda ake ƙullawa, na ja na ja sun ƙi miƙewa. Zama na yi daɓas a ƙasa na manta da sauran kayan.

Wanda bai san Gwaggo ba, in ya ga majanyin nan zai ce mace ce da ta sha goyo. Gwaggo kuwa ba ta taɓa haihuwa ba. Goyon da ta yi a duniya na wata uku ne, kuma da bakina aka gajarta shi. Labarin da nake son in ba ku ke nan, don na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

Gwaggo yayar Babana ce. Tun kafin a haife ni ta biyo mijinta Faransa, ta kama aikin shara da goge-goge a ofisoshin jami'ar unguwarmu, da sassafe kafin ɗalibai su zo. Mace ce mai baki, mai dariya da ƙarfi, in ta kama tsokanar mutum sai ya gudu ɗaki. Ni ta fi takura wa, don Hausata ta kicin ce. Na san tuwo, na san miya, na san zagi, amma da zarar gaisuwa ta wuce "ina gajiya" sai in fara kallon ƙasa. Takan ce Hausata kamar tumatirin kanti take, ga ja ba ɗanɗano.

Shekara goma sha huɗu da aure Allah bai ba ta haihuwa ba. Ba a yin maganar a gabanmu, amma yaro yana jin har abin da ba a faɗa ba. Duk sunan da aka yi a unguwa ita ce a kan tukunya tun safe, ita ce kuma mai fara sallama ta tafi gida da zarar an fara miƙa jariri daga hannu zuwa hannu.

Daga baya aka samu labarin wata jaririya a gidan marayu a Damagaram. Uwar ta rasu, ba a samu dangin da za su karɓe ta ba. Gwaggo da mijinta suka nemi a ba su ita ta zama tasu a takarda, su kawo ta Faransa. Takardun nan shekara biyu suka ci. Hoton yarinyar yana manne a jikin firij, jaririya a cikin tawul, alhali ita tana can tana girma. Sau uku Gwaggo tana sayen kayan yara suna yin kaɗan ba tare da an taɓa sa su ba, sai ta rabar ta sayo na gaba.

Da komai ya kammala, sai ga shi takardar zaman Gwaggo tana hannun hukuma ana sabuntawa, ba ta da halin fita ƙasar. Mijinta ya tafi shi kaɗai ya karɓo yarinyar, ya taho da Kaka, mahaifiyar su Gwaggo da Babana, don ta riƙe ta a hanya. Mu kuma muka hau jirgin ƙasa daga Lyon zuwa Paris tarye, ni da Innata da Gwaggo. Shekarata goma, ana hutun ƙarshen shekara, sanyi har cikin ƙashi. Muka sauka wurin wani kawuna a Aubervilliers, a gefen Paris, a wani layi da manyan motoci ke sauke kwalaye tun da duku-duku. Da safe Gwaggo ta kasa karyawa. Sai buɗe jaka take yi tana duba 'yar rigar sanyi ja da hula da takalmi, ta rufe, ta sake buɗewa.

A filin jirgi mun fi awa muna kallon wata ƙofar gilashi tana buɗewa tana rufewa. Can sai ga mijin Gwaggo yana turo kaya, Kaka na biye da shi cikin wata ƙatuwar rigar sanyinsa da ta rufe mata gwiwa, da goyo a bayanta. Aka yi gaisuwa, aka tambayi hanya da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, Gwaggo tana amsawa amma idonta yana kan ƙafafu biyu da suka leƙo ta gefen Kaka. Sannan Kaka ta kwance zani ta sauko da ita.

'Yar siririya ce, shekara biyu da 'yan watanni, an yi mata ƙananan kitso, idonta raɗau da kwalli. Ta damƙe cokalin roba na cikin jirgi kamar wani zai ƙwace. Ba ta yi kuka ba. Kallonmu kawai take yi ɗaya bayan ɗaya, irin kallon yaron da ya saba ganin fuskoki suna zuwa suna tafiya.

Kaka ta ɗaga ta ta miƙa wa Gwaggo, ta ce, "Ga ta nan. Allah shi raya miki."

Abin da na gani a lokacin shi ne ya ɓatar da ni. Matar da ta shekara biyu tana jiran wannan rana, sai ta ja gyale ta rufe rabin fuska, ta juya baya, ta kama kallon allon jiragen da ko karanta shi ba ta iya yi. Kaka ta tsaya da yarinya a hannu tana kallonta, sai ta saki dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Au, har da kunya?" in ji Kaka. "To lalle kin haihu, ɗiyata."

Innata ta rangaɗa guɗa ƙasa-ƙasa don kada Turawa su waiwayo. Kaka ta juyo ta danƙa mini yarinyar, ta ce, "Baturiya, karɓi ƙanwarki."

Ku da kuka tashi a gida kun riga kun gane. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban manya, ba ta nuna ta damu da shi ko da ciwon na cin ta. 'Yar riƙo kuwa ba a yi mata kunya, a gaban kowa ake shagwaɓa ta. Da Gwaggo ta juya baya, abin da take gaya wa mahaifiyarta shi ne, wannan ba riƙo ba ne, ni na haife ta. Ni kuwa a Lyon aka haife ni, ɗan farin Innata ya rasu tun a gida kafin su zo, don haka ban taɓa ganin an yi wa wani haka ba. Ban kuma tambaya ba. Abin da idona ya nuna mini shi ne an kawo wa Gwaggo yarinya ta gani ba ta yi mata ba.

Ni ce na sa wa yarinyar jar rigar, ni ce na cusa ƙafarta a takalmin da ba ta saba da shi ba. Jikinta yana ƙanshin man kaɗe da hayaƙin itace, ba ta da nauyi ko kaɗan. Kafin mu kai mota ta kwantar da kanta a wuyana, ni kuwa a take na ji duk duniya babu wanda nake so kamar ta.

A jirgin komawa Lyon tana kan cinyata, Gwaggo na zaune a ɗaya gefen kusa da taga. Ta ɓare lemo, ta cire zaren jikinsa tas, ta tsame 'ya'yan, sannan ta miƙo mini ba tare da ta dubo ba, ta ce, "Ba waccan." Tun daga Paris har Lyon fuskarta na wajen taga. Na ɗauka gonaki take kallo. Sai da na girma, na hau jirgin nan sau da yawa a irin wannan lokaci na sanyi da rana ke faɗuwa da wuri, na lura cewa in waje ya yi duhu gilashin yana nuna duk wanda ke cikin tarago.

Kaka a gidanmu ta sauka, don ba za ta kwana gidan suruki ba. Benenmu yana kallon na su Gwaggo. Kullum bayan an koma lakwal, wato makaranta, in na taso, ni ke raka ta can, saboda tsoron asansar take yi, ta ce ba za ta shiga akwatin da ke hawa sama da mutum ba sai da wanda ya san bakinsa. Kenan tun zuwan yarinyar ban taɓa shiga ɗakin Gwaggo ba sai tare da mahaifiyarta. Mukan danna ƙararrawa mu daɗe a tsaye kafin a buɗe. In mun shiga sai mu tarar da yarinyar zaune ita kaɗai a kan tabarma, Gwaggo na can kicin tana buga tukwane. In na ɗauke ta sai in ji jikinta da ɗumi, da shatin zani a kumatunta, amma ban taɓa tambayar kaina daga ina ɗumin yake ba. Sunan da Gwaggo ke kiranta da shi a gabanmu bai wuce "waccan" ko "ƙanwarki" ba. Haushi ya riƙa cina, har na fara raya wa kaina cewa da gidanmu aka kawo ta da ta fi jin daɗi.

A wata na biyu aka aiko wata mata daga ofishin da ke duba yaran da aka karɓo, ta ga yadda zaman yake. Ranar Laraba ce, babu lakwal. Mijin Gwaggo bai samu izini a wurin aiki ba, Faransancin Gwaggo kuma na aiki ne, sunan sabulai da gaisuwa, don haka aka ce ni zan yi tafinta. Kaka ta sha babban mayafi ta hakimce a kujera, ga kuma wasu dattijai mata biyu na unguwa da suka zo taya zama. Yawan manya, yawan kunya. Ranar Gwaggo ko gefen da yarinyar take ba ta duba ba.

Matar ba muguwa ba ce, ina son ku san wannan. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta sha shayi, ta yaba tsabtar ɗaki. Sannan ta ce Gwaggo ta kira yarinyar ta zo wurinta. Na fassara. Gwaggo ta rufe baki da gyale ta ce mini, "Kira ƙanwarki." Matar ta tambayi me ya sa uwar ba ta ɗauke ta ba tun shigowarta. Dattijan suka kwashe da dariya, Kaka ta ce, "Gaya mata ɗiyar fari ce." Na ce da Faransanci, ita ce ta farko. Matar ta jira ƙarin bayani, ni kuma ba ni da shi, sai ta duƙa ta yi rubutu.

Da za ta tafi aka ce in raka ta. Muna tsaye muna jiran asansar, ta sunkuyo ta tambaye ni a hankali ko kullum haka ake yi. Na ce kullum. Na ce Gwaggo ba ta taɓa faɗin sunanta ba, ba ta taɓa ɗaukarta ba tun daga filin jirgi. Sannan na ƙara abin da ba wanda ya tambaye ni, na ce ina ganin ba ta son ta. A zuciyata ina lissafin za a ce to a mayar da ita gidanmu, ta riƙa kwana a gadona. Magana zarar bunu ce, ban san haka ba sai da ta fita.

Bayan mako biyu wasiƙa ta zo. Babana da mijin Gwaggo suka karanta suka sake karantawa, suka tsaya a kan layin da ya ce ba a ga shaƙuwa tsakanin uwa da 'ya ba. Magana ta bazu a unguwa, kowa da labarin da ya taɓa ji na yaran da hukuma ta ɗauke ta kai gidan da ba a sani ba, iyaye ba su sake ganinsu ba. Ga kwanakin Kaka sun kusa cika. Manya suka zauna suka yanke cewa gara Kaka ta koma da yarinyar Damagaram, ta zauna a hannun dangi kafin ƙura ta lafa. Na ga wasiƙar nan da idona bayan na girma. Ba ta ce za a ƙwace kowa ba. Cewa ta yi su zo ofis a tattauna, a kuma sake kawo ziyara. Tsoro ne ya karanta musu sauran, kuma da yarinyar ta fita ƙasar ba da sanin ofishin ba, ƙofar dawowarta ta rufe.

Muka sake hawa jirgin Paris, wannan karon rakiya. Sanyi ya fara sassautawa, itatuwa sun soma toho. A filin jirgi, da aka zo inda masu rakiya ke tsayawa, na sauke yarinyar don Kaka ta karɓe ta. Sai ta zame daga hannuna, ta taka da 'yan ƙafafunta ta zagaya bayan Gwaggo, ta kama zaninta da hannu biyu tana bubbuga mata cinya.

"Inna, goyo," in ji ta.

Ban taɓa jin ta haɗa kalma biyu ba sai ranar. Gwaggo ta duƙa tun kafin ta tuna da wanda ke wurin. Yarinyar ta ɗare bayanta tsaf, ta san inda za ta sa ƙafa, ta san inda za ta kwantar da kunci. Gwaggo ta warware gyalenta ta rufa mata, ta zaro majanyin nan daga jaka ta ɗaure ba tare da ta kalli ƙullin ba. A nan na gane dalilin daɗewar da muke yi a bakin ƙofa, na gane inda ɗumin nan yake fitowa. Ta yi ta kai da kawowa da ita a gaban Kaka da mijinta da kowa, tana jijjiga ta, har aka yi kira na ƙarshe. Kaka ce ta kwance ƙullin da hannunta, tana cewa, "Yi haƙuri, ɗiyata. Wata biyu ne, in Allah ya so." Yarinyar da ba ta yi kuka ranar zuwa ba, ranar tafiya har ta shige ciki muna jiyo muryarta. Majanyin ya rage a hannun Gwaggo.

Wata biyun nan bai taɓa cika ba. Yarinyar ta girma a hannun Kaka, bayan rasuwar Kaka wata 'yar'uwarmu ta ci gaba da riƙonta. Yanzu yarinyar tana gidan mijinta da 'ya'ya uku. Gwaggo takan je duk bayan 'yan shekaru da akwati cike da kaya, ita kuma takan durƙusa ta gaishe ta da ladabi, tana kiranta Gwaggon Faransa kamar sauran yaran gidan. Ba ta tuna Bron ba, ba ta tuna goyon ba.

Sai da na kai shekara ashirin da biyar na iya faɗa wa Gwaggo abin da na yi. Tana yankan kuɓewa, ko wuƙar ba ta ajiye ba.

"Na sani," in ji ta. "Ƙohwa ba ta ruhe ba ranar, na ji ki. Faransancina ya isa in ji, bai isa in ba da amsa ba."

Na ce to me ya sa ba ta taɓa yi mini faɗa ba, shekara goma sha biyar tana dafa mini abinci tana tsokanata.

"In yi miki faɗan mi? Mu munka haihe ku nan, munka koya muku cin tuwo, munka zaci sauran zai shiga da kansa. Miƙo min gishiri."

Yanzu ni ma ina da 'yar fari. Sunanta kuwa sau hamsin nake kira a rana, a cikin jirgin tiram na cikin gari, a gaban surukaina, in sumbace ta a bakin lakwal kowa na gani. Dattijan unguwa sun daina ko ɗaga ido. Wani lokaci nakan ce gara haka. A gidan Kaka, in uwa ta kau da kai akwai hannu ashirin da za su ɗauki yaro, kowa kuma ya san ma'anar kau da kan. A hawa na bakwai babu wanda ya sani sai mai yi. Amma wani lokacin nakan ji kamar mun yar da wani abu mai nauyi da ban san sunan da zan ba shi ba.

A jinyar Gwaggo ta ƙarshe ni ce na kai ta asibiti. Malamar da ke cike takarda ta tambayi ko tana da 'ya'ya. Na buɗe baki zan ce a'a, sai Gwaggo ta ɗaga yatsa ɗaya. Malamar ta ce, sunanta? Gwaggo, da ƙyar take numfashi, ta lalubo bakin mayafinta ta ja shi kan fuska, ta juya kai wajen bango, ta ce mini, "Gaya mata."

Na faɗi sunan. Malamar ta dube ni da alamar tambaya, sai na ce mata a wurinmu uwa ba ta furta sunan 'yarta ta fari, kuma wannan ba ƙi ba ne, shi ne shaidar cewa tata ce. Ta gyaɗa kai, ta yi murmushi, ta rubuta. Duk bayanin bai ɗauke ni minti ɗaya ba.

Majanyin yana nan a gidana. Na buga waya Damagaram na tambayi mai shi ko in aika mata, ta ce to, ta gode, za ta goya autarta da shi. Na naɗe shi na sa a leda tun makon jiya, amma har yau ban kai shi gidan waya ba.